Yadda ake duba tsohon takobin Jafan kafin a yarda da sunan maƙerinsa

Masu harkar takubba a Jafan suna da wata magana a kan Nagasone Kotetsu, maƙerin da ya yi zamani a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, a ƙarni na 17. Suna cewa in ka ga takobi da sunan Kotetsu, ka ɗauka jabu ne. Dalili kuwa shi ne takubban da ke yawo da sunansa sun ninka waɗanda hannunsa ya taɓa. Haka abin yake ga Masamune da Muramasa da Kiyomaro, da duk maƙerin da sunansa ke ɗaga farashi. Sara suna a jikin ƙarfe aikin yini ɗaya ne ga mai kurfi da guduma, amma ƙera ƙarfen da zai yi kama da na mai sunan, wannan sai wanda ya kai shi gwaninta.

Shi ya sa masana suke bin tsari ɗaya: siffar takobi tukuna, sannan fatar ƙarfen, sannan zanen da ke bin kaifi, suna kuma a ƙarshe. A tarukan koyon wannan sana'a har rufe wurin sunan suke yi, a ba mutum damar canka sau uku, alƙali yana gaya masa ko ya dace, ko ya kusa, ko ya yi nisa. Wannan tsarin za mu bi.

Kafin komai, riƙo

Ka wanke hannu, ka cire agogo da zobe, ka shimfiɗa tsumma mai laushi a kan tebur. Al'adarsu ce a ɗan rusuna wa takobi kafin a ɗauka. Ka riƙe kuben kaifi na kallon sama, ka zare a hankali yadda bayan takobin ne zai riƙa gogar katako. Kada yatsa ya taɓa ruwan takobin, gumin hannu kan bar tambarin tsatsa cikin ƴan kwanaki. Kada ka yi magana bakinka na saitin ƙarfen, saboda yawu. In kana son tallafe shi, ka sa ƙyalle ko takarda mai laushi a ƙarƙashi.

Ƙotar ba a liƙe take ba. Ɗan turken gora ne, mekugi, yake riƙe da ita. Ka tura shi ya fita, ka ajiye shi inda ba zai ɓata ba. Ka riƙe ƙarshen ƙotar da hagu, takobin a tsaye ya ɗan karkata, ka dunƙule dama ka bugi wuyan hannunka na hagu. Bugu biyu ko uku, gindin ƙarfen zai saki. Sai ka zare ƙota, ka zare ɗan zoben da ke wuyan takobi, habaki. Gindin nan da ke ɓoye cikin ƙota sunansa nakago. Ka daure kada ka tsaya karanta abin da ke jikinsa yanzu.

Siffa ce ke faɗin zamani

Ka miƙa hannu da takobin a tsaye, ka kalle shi daga gindi zuwa tsini. Tsawo ne farkon abin lura, kuma daga wuyan takobi ake awo zuwa tsini, a miƙe. Abin da ya haura shaku biyu, wato santimita 60.6, dogon takobi ne, katana ko tachi. Tsakanin shaku ɗaya da biyu wakizashi ne. Ƙasa da santimita 30.3 kuwa tanto ne.

Daga nan ka nemi inda lanƙwasar ta fi zurfi. Takubban ƙarshen zamanin Heian da farkon Kamakura, wajejen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13, na mahaya dawaki ne: lanƙwasar tana kusa da ƙota, ruwan yana sirancewa sosai zuwa sama, tsinin ƙarami. A tsakiyar Kamakura sai ruwan ya yi fāɗi da kauri, tsini ya zama gajere kakkaura. Zamanin Nanbokucho, 1336 zuwa 1392, shi ne na manyan takubba, wasu sun haura santimita 90, masu fāɗi da dogon tsini. A ƙarshen zamanin Muromachi, wajejen ƙarni na 16, lokacin da yaƙi ya koma hannun dakarun ƙasa, takobi ya gajarta, lanƙwasa ta matsa wajen tsini, nakago ya zama gajere don a yi sara da hannu ɗaya.

Shekarar 1596 ita ce iyakar da aka ja tsakanin tsofaffin takubba, koto, da sababbi, shinto. A cikin shinto akwai siffa mai sauƙin ganewa, ta zamanin Kanbun, 1661 zuwa 1673: kusan a miƙe take, tana sirancewa, tsini ƙarami. Yawancin aikin Kotetsu a nan yake. Daga wajejen 1781 zuwa 1876, shekarar da gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi, ana kiran aikin shinshinto.

Akwai tarko biyu a wannan mataki. Na farko, da yawa daga cikin dogayen tsofaffin takubba an datse su daga gindi don su dace da yayin da ya biyo baya, siffarsu ta sauya, sunan maƙeri ya tafi da guntun da aka yanke. Na biyu, maƙeran shinshinto, bin kiran jagoransu Suishinshi Masahide, da gangan suka koma kwaikwayon siffar Kamakura da Nanbokucho. Saboda haka siffa tana ba ka zato ne kawai, ƙarfe ne zai gaskata zaton ko ya ƙaryata shi.

Fatar ƙarfe

Ba za ka gane abin da kake gani ba sai ka san yadda aka yi shi. Ƙarfen takobin Jafan, tamahagane, daga baƙin yashi mai tama ake narko shi a murhun yumɓu da ake kira tatara. Wanda ke aiki a yau a Okuizumo, lardin Shimane, an farfaɗo da shi a 1977. Kwana uku dare da rana ana zuba yashi wajen tan 10 da gawayi wajen tan 12, a fasa murhun a ciro dunƙulen ƙarfe na kimanin tan biyu da rabi. Maƙeri zai zaɓi gutsattsarin da yake so, ya haɗe su a wuta, ya buga, ya naɗe, ya sake bugawa, sau goma zuwa goma sha biyar. Naɗi goma sha biyar ya ba da fallaye 32,768. Naɗin nan don fitar da datti ne da daidaita ƙarfen, ba wani sihiri ba. Daga nan sai a lulluɓe ƙarfe mai taushi da mai tauri, mai taushin ya zama ciki, mai taurin ya zama fata.

Sawun naɗin shi ake kira hada, kuma a filin da ke tsakanin zanen kaifi da doron takobi ake ganinsa. Ka sa haske ya sauko daga sama ko daga bayanka, ka kawo ƙarfen kusa da ido. Itame shi ne mai zane irin na katakon da aka tsaga, shi ya fi yawa. Mokume ya fi zagaye-zagaye. Masame layuka ne a miƙe suna bin tsawon takobi, in ka gan shi ka fara tunanin lardin Yamato, musamman gidan Hosho. Ayasugi igiyar ruwa ce mai tsari, kusan tambarin gidan Gassan ce. Aikin Awataguchi na Kiyoto da na Tadayoshi na Hizen kuwa hadarsu ƙanana ce matsattsiya, sai ka ƙura ido.

Tsohon ƙarfe yana da motsi da zurfi, don kowane lardi da yashinsa da murhunsa. Daga zamanin Edo, wato daga ƙarni na 17, ƙarfe ya zama hajar kasuwa da ake kaiwa ko'ina, sai fatar ta zama mai tsabta amma kusan iri ɗaya. Na shinshinto sau da yawa har ba ka ganin hada sam. Idan kuwa ka ga zane mai ƙarfi baƙi da fari yana ihu tun daga nesa, ajiye shi. Ruwan asid aka zuba wa ƙarfen zamani, irin wanda ake sayar wa baƙi a intanet.

Zanen kaifi

A nan ne ya kamata ka daɗe. Kafin a tsoma takobi a ruwa, maƙeri yana shafe shi da yumɓu da aka kwaɓa da garin gawayi da na dutse, da kauri a jiki, siriri a kaifi. Ya kashe fitilu, ya gasa shi har launin ya kai inda idonsa ya sani, ya tsoma. Kaifi ya huce nan take ya yi tauri, baya ya huce a hankali ya zauna da taushinsa, a nan ma lanƙwasar take ƙaruwa. Iyakar da ke tsakanin taurin da taushin ita ce hamon.

Farin da kake gani daga nesa ba lalle shi ne hamon ba. Masu wasa takobi suna da salon da ake kira hadori, suna bin kaifi da ɗan dutse su faranta shi don ado. Don ganin na gaskiya, ka kunna ƙwan fitila guda ɗaya a ɗaki mai duhu-duhu, ka nuna shi da tsinin takobi, ka riƙa sunkuyar da ruwan a hankali. A wata kusurwa za ka ga wani layi ya kama haske ya tashi daga cikin ƙarfen. Ka bi shi daga wuya har tsini, gefe biyu. In babu layin da ya tashi, ko an zana ne da asid ko burushin waya, ko kuma takobin ya taɓa shiga gobara.

Layin nan iri biyu ne. In kana iya rarrabe ƙwayoyinsa da ido, suna ƙyalli ɗaya-ɗaya, nie ke nan, alamar wuta mai zafi. In ya zama hazo fari wanda ba ka iya ware ƙwayarsa, nioi ne. Sai siffarsa: suguha miƙaƙƙe, notare mai lanƙwasa a hankali, gunome mai tudu-tudu, choji mai kawuna irin na kanumfari.

Yanzu sai ka haɗa abin da ka tara, ka gwada shi da manyan gidajen ƙira biyar na zamanin koto. Bizen, a lardin Okayama na yau, ita ta fi kowa yawan takubba, cibiyarta Osafune. Alamarta choji ko gunome cikin nioi, da wata inuwa fara-fara da ke bayyana sama da hamon, utsuri. Ganin utsuri babbar shaida ce ta tsufa, domin bayan 1596 ƴan kaɗan ne suka iya fitar da ita. Yamashiro, wato Kiyoto, gidan Sanjo Munechika da Awataguchi da Rai, tana da miƙaƙƙen hamon da fata mai laushi. Yamato ta Nara ta yi wa gidajen ibada ƙira, masame ne alamarta, kuma galibin aikinta ba suna. Soshu ta Kamakura, inda Shintogo Kunimitsu ya kafa tushe Masamune ya kai abin ƙololuwa, tana da nie mai yawa da layuka masu walƙiya a cikin hamon da cikin fata. Mino, garin Seki na yau, takubban fagen fama ne, hamon mai tsini-tsini. Na Kanemoto tsini uku-uku yake tafiya, na tsakiya ya fi tsawo.

Wasu maƙeran suna da abin da ke tona su. Muramasa na Kuwana yakan sa hamon na gefe biyu su yi daidai da juna. Tsuda Sukehiro na Osaka shi ya fito da toranba, hamon mai kama da manyan raƙuman ruwa.

Kada ka bar tsini. Yadda hamon ya shiga tsini ya juyo, boshi, shi ne wurin da ya fi wahalar yi, kuma nan mai kwaikwayo ya fi faɗuwa. In hamon ya fice ta bakin tsini bai juyo ba, wataƙila tsinin ya taɓa karyewa aka sake fere shi, darajar ta zube.

Aibi

Ba kowane tabo ne ke kashe takobi ba. Ƴar tsaga mai bin tsawon hada, inda naɗi bai kama sosai ba, ana haƙuri da ita a takobi mai shekara ɗari shida. Sawun saran wani takobi a baya ma wasu so suke yi. Wanda ba a yafewa shi ne hagire, tsaga siririya kamar gashi da ta taso daga bakin kaifi ta ratsa hamon a gicciye. Ka neme ta da gilashin ƙara girma, gefe biyu. Mai hagire zai iya karyewa a sara ɗaya, kuma a kasuwa kusan ba shi da kuɗi. Haka in hamon ya yanke a wani wuri ko ya faɗa bakin kaifi.

Sai gajiya. Duk wasa yana cin ƙarfe, in aka yi ta yi shekaru aru-aru fatar takan ƙare, ƙarfen ciki ya leƙo, tabo-tabo mai duhu marar zane. Ka gwada kaurin nakago da na ruwan da ke sama da shi, in bambancin ya yi yawa, an ci takobin sosai. Akwai kuma wanda ya ƙone aka sake yi masa hamon. Alamunsa fata busasshiya, lanƙwasa da ta wuce ta zamaninsa, nakago mai ɓawon wuta.

Yanzu ka duba nakago

Tun kafin rubutu, tsatsar za ka karanta. Ta zamanin koto baƙa ce mai zurfi, lumui a hannu. Ta shinto ruwan ƙasa ce. Ta ƙarni na 19 ba ta gama rufe ƙarfen ba, ta ƙarni na 20 kuwa da ja-ja da hasken ƙarfe a ƙasa. Tsatsar da aka yi da magani takan zama ja mai gari, ko baƙa mai kama da fenti, iri ɗaya ko'ina har cikin ramin rubutu.

A nan zan ja kunne da babbar murya. Mu mun saba in wuƙa ta yi tsatsa a sa toka da yashi a dirje ta har ta yi ƙyalli. Wanda ya yi wa nakago haka ya goge shekarun takobin da hannunsa, kuma ba mai iya mayar da su. Ba a wanke shi, ba a kankare shi, ba a sa masa magani. Ruwan takobin ma in ya yi tsatsa, mai kawai za ka shafa ka bar shi, sai ƙwararren mai wasa wanda ya yi wajen shekara goma yana koyo.

Ka ƙirga ramukan turke. Rami ɗaya da gindi mai siffar asali yana nuna ba a taɓa datse shi ba, ubu ke nan, kuma ya fi daraja. Ramuka uku ko huɗu da gindi yankakke a miƙe suna nuna an gajarta shi. Ka duba sawun magagari, ko a kwance yake, ko a karkace, ko a saƙe, don kowane gida da nasa.

Ɓangaren da aka sara suna ma magana ne. Ƙa'ida ita ce suna ya kalli waje in an rataya takobi. Tachi kaifinsa ƙasa yake kallo, katana sama, saboda haka ɓangarorin sun saɓa. Maƙeran gidan Tadayoshi na Hizen sun fita daban, suna sa wa dogon takobinsu suna a ɓangaren tachi. In ka ga dogon Tadayoshi da suna a ɗaya ɓangaren, ka yi hattara.

Rubutun kan fara da lardi, sai gari, sai laƙabi, sai sunan maƙeri, a ɗaya gefen kuma wani lokaci kwanan wata da shekarar sarautar sarki. Laƙabin na girmamawa ne kawai: Izumi no Kami Kanesada a Mino ya yi aiki, ba a Izumi ba. Suna ɗaya kuma ba mutum ɗaya ba ne. Maƙera da dama a Osafune sun sa hannu da Sukesada a ƙarni na 16. Gajeren rubutu "Bishu Osafune Sukesada" sau da yawa na takubban da aka ƙera da yawa ne don dakaru, wanda kuwa ya zo da cikakken sunan mutum kamar Yosozaemon no Jo, da kwanan wata, aikin oda ne, kuma tsakanin farashinsu akwai tafiya. In ka ga ƙaramin hatimin Showa ko na Seki a sama da suna, takobin soja ne na lokacin yaƙin duniya na biyu wanda ba a yi shi ta hanyar gargajiya ba.

Sai ka ɗora takarda siririya a kan nakago ka shafa tawada busasshiya, ka fitar da hoton rubutun, oshigata, ka gwada da na ainihi da masana suka tattara. Ana duba inda kurfi ya fara da inda ya ƙare a kowane layi, da zurfinsa, da tazarar haruffa daga ramin turke. Tambayar ƙarshe ita ce ko sunan ya yarda da abin da ka riga ka gani. Takobi mai siffar Kanbun da sunan maƙerin Kamakura ya gama ba ka amsa.

Rashin suna kuwa ba aibi ba ne. Takubban Masamune masu sa hannunsa kaɗan ne ƙwarai, galibinsu tanto. Sanchomo, takobin gidan Ichimonji na Bizen da aka danganta da sarkin yaƙin nan na ƙarni na 16, Uesugi Kenshin, ba shi da suna ko ɗaya, amma birnin Setouchi ya saye shi yen miliyan 500 a 2020. Ni a ganina, mai farawa gara ya sayi marar suna mai lafiyayyen ƙarfe da takarda, da ya sayi babban suna a farashin da ya yi araha fiye da hankali.

Takardu

Kada ka rikita takarda biyu. Duk takobin da ke cikin Jafan dole ya kasance da katin rajista, torokusho, daga hukumar ilimi ta lardi. Katin yana faɗin tsawo da lanƙwasa da yawan ramuka, yana kwafe rubutun da ke jiki yadda ya gan shi. Izinin mallaka ne, ba shaidar cewa sunan na gaskiya ne ba. Dillalin da ya nuna maka shi a matsayin hujja, ko bai sani ba ko yana so kai kada ka sani.

Takardar tantancewa daga ƙungiyoyin masana take fitowa. Wadda kasuwa ta fi yarda da ita ita ce NBTHK, da aka kafa a 1948 lokacin da sojojin da suka mamaye Jafan bayan yaƙin duniya na biyu ke kwashe takubba, kuma ita ke da gidan tarihin takobi a unguwar Sumida ta Tokiyo. Matakanta huɗu ne daga ƙasa: Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo, Tokubetsu Juyo. Biyun farko sun fara a 1982, suka maye gurbin tsofaffin takardun Kicho, waɗanda yanzu ba a dogara da su. In ka ga babban suna da tsohuwar koriyar takardar Kicho, ka tambayi kanka me ya hana mai shi sabunta ta. Akwai kuma NTHK, wadda ta girme ta, tun 1910. NBTHK ba ta ba takobi mai sunan jabu takarda, shi ya sa wasu ke kai wa gwani ya cire sunan, a sake gabatar da shi a matsayin marar suna. Takardar ma ana yin ta jabu, don haka ka gwada hoton nakago da ke jikinta da ƙarfen da ke hannunka, rami da rami, ka sake auna tsawon.

Fitar da takobi daga Jafan sai da takardar hukumar al'adu mai nuna ba ya cikin dukiyar ƙasa da aka hana fitarwa, kuma ana mayar da katin rajista. Kafin ka biya, ka binciki dokar makamai da ta kwastam a ƙasar da za a kai shi.

In ya iso, ka ajiye shi a kwance cikin shirasaya, farin kuben katakon honoki marar fenti, kaifi sama. Ka goge tsohon mai da ƙyalle mai laushi daga wuya zuwa tsini, ka shafa sabo siriri yadda ba zai taru ya jiƙa kube ba. Duk wata biyu ko uku ya isa, amma da damina ka riƙa dubawa a kai a kai, da hunturu kuma ka nisanta kuben daga iskar da ke tsaga katako.